Leda a kan ƙaya: gayyar shara a ƙasar Damagaram

Duk wanda ya fita daga birnin Damagaram da hantsi, ko ta hanyar Mirya ko ta Tanut, leda ce ke yi masa rakiya. Tana nan baƙa wuluk a kan aduwa da bagaruwa, ta maƙale tana kaɗawa, kuma sai mota ta yi tafiya mai ɗan nisa kafin itatuwa su koma kamanninsu. Da an doshi wani gari mai kasuwa sai ta sake tarbar matafiyi. Ko Damagaram Takaya, tsohon garin nan na arewa maso gabas da birni, wanda sunansa ma ƙaya yake ambata, bai tsira ba. Ƙayar da kakanni suka yi shinge da ita, yau ita ce maratayar leda.

Ba wai mutane sun naɗe hannu ba ne. Gab da damina, ko jajibirin salla, ko in za a yi babban baƙo, sai a wayi gari samarin fada, wato majalisun shayi na unguwa, sun fito da shebur da manjagara, mata da tsintsiya, 'yan agajin masallaci sun nufi maƙabarta, 'yan makaranta suna tura baro. Kafin rana ta take an yashe magudanar ruwa, an tara shara tsibi-tsibi a gefen kwalta, an ɗauki hoto an watsa a WhatsApp da Facebook. Mai unguwa ya sa albarka, wani mai hali ya aiko da ruwan sha, a cikin leda. A dawo bayan kasuwar Alhamis a duba wurin. Sau da yawa tsibin yana nan, awaki sun tone shi, iska ta mayar da rabinsa cikin magudanar da aka yashe.

Ana yawan cewa mutanenmu ne ba su san tsafta ba. Wanda ya taɓa shiga gidajen unguwar Birni ko ta Zango ya san wannan magana ba ta da ƙafa. Tun da asuba ake share tsakar gida, a share zaure, a share ƙofar gida a yayyafa ruwa. Sai dai tsintsiya tana da iyaka, kuma iyakar a bayyane take a ƙasa: inda zanen tsintsiya ya tsaya, nan haƙƙin mai gida ya ƙare. Daga nan zuwa tsakiyar titi, "ai hanyar gwamnati ce."

Shara ma ba ita ce ta da ba. Lokacin da Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ayari na shigowa daga Kano da Agadas da Borno, kuma garin na fitar da shara mai yawa. Amma me ke cikinta? Toka, kashin dabbobi, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, fasasshiyar ƙwarya, tsumma. Abin da akuya ba ta ci ba, gara ta ci. Abin da ya rage ya ruɓe a juji, manomi ya zo da jakinsa ya kwashe zuwa gona. A kewayen Kano wannan sana'a ta kai takin birni gonaki ta daɗe ƙwarai, har masu binciken noma sun yi rubuce-rubuce a kanta, kuma haka ake yi a sauran manyan garuruwan Hausa. Juji dukiya ne. Mai ƙosai na ƙunshewa a ganye ko takarda, mai fura na zubawa a ƙwaryar mai saye. Jefar da ƙunshin abinci a hanya ba laifi ba ne, domin hanya na iya haɗiye shi. Hannun da ya saba jefar da ganye shi ne yau ke jefar da leda, ita kuwa ƙasa ba ta san yadda za ta yi da ita ba.

Har yau, in aka auna sharar gidajen garuruwan Sahel, abin da ya fi nauyi a cikinta rairayi ne da toka da ragowar abinci. Leda ba ta da nauyin kirki. Ita ce dai mai tashi sama, mai toshe hanya, mai cika ido.

Damagaram tana da nata dalili na musamman da ya sa ledar ta yi mata katutu, wato ƙishirwa. Birnin a kan dutse yake zaune, waɗannan manyan duwatsun da ke tsakiyar unguwanni shaida ne, kuma ƙarƙashinsa ba ya riƙe ruwa mai yawa. Shi ya sa ake jawo ruwan famfo daga nesa, daga Gogo da Macaya a kudu, daga Arunguza da Ganaram a arewa. Da bazara, unguwa na iya kwana da yini famfo bai ɗiga ba. A garin da ƙidayar 2012 ta samu sama da mutum 300,000, kuma ya ƙaru sosai tun daga lokacin, ɗan kabu-kabu da ɗan dako da fasinjan tasha duk da piya wata suke kashe ƙishirwa. Ledar rabin lita ce, dala biyar ko goma, a ciji gefe a tsotse a yar. In mutum ɗaya cikin biyar ya sha guda uku a yini, ledojin da za su faɗi ƙasa kafin magariba sun kusan dubu 200. Wannan lissafin kai ne kawai, amma ya isa ya nuna girman abin da samari ashirin masu manjagara ke fuskanta sau ɗaya a wata.

Su samarin kuwa gadon aikin suka yi. Gayya ta girmi kowace gwamnati a ƙasar Hausa: a kira dangi da maƙwabta a nome gonar wane, a yi wa wane rufin ɗaki, a yashe rijiyar gari. Amma a lura da siffarta. Gayya tana da mai ita, wanda zai dama fura ya kira makaɗi. Tana da farko da ƙarshe, domin gona in an nome ta an nome ta. Kuma bashi ce, yau a gonarka gobe a tawa. Sharar titi ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Babu mai ita, ba ta ƙarewa, kuma mai motar da ya wurgo gwangwani ta taga ba zai taɓa zuwa ya rama wa kowa ba.

Turawan Faransa, waɗanda suka mai da Damagaram hedikwatar mulkinsu a Nijar har zuwa 1926, sun sa an share tituna, amma da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Daga nan ne aikin hanya ya samu baƙin suna: abu ne da hukuma ke sa talaka, ba abin da talaka ke yi wa kansa ba. Bayan juyin mulkin 1974, Seyni Kountché ya ɗauki tsohuwar samariya ta gargajiya, mai sarkin samari da muƙarrabansa, ya mai da ita ƙungiyar ƙasa baki ɗaya. Dattawan yau suna tuna zamanin da daɗi: an gina azuzuwa, an dasa itatuwa, an share gari da kiɗa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a lokacin ƙin fitowa ba abu ne mai sauƙi ba, kuma ledar ba ta kai ko kusa da yawanta na yanzu ba. Da guguwar dimokuraɗiyya ta taso a farkon shekarun 1990, samariya ta bi tsarin da ya raine ta.

Fada ce ta cike gurbin. Tabarma, butar shayi, rediyo, da suna da aka rubuta a jikin bango. A Damagaram gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani sun taimaka wajen ɗaukaka fadodi, saboda kowace na son a ji sunanta a gaishe-gaishe, kuma ba abin da ke sa a ambaci fada da alheri kamar a ce ta share unguwa ko ta yi gadin dare. Daga baya aka samu wasu gungun da ake kira "pale", waɗanda aka fi saninsu da ɗaga ƙarfe da faɗace-faɗace. Fim ɗin Aicha Macky mai suna Zinder, wato ɗaya sunan birnin, na 2021, ya shiga Kara-Kara, unguwar da aka kafa tun asali don kutare, ya nuna wa duniya ƙarfin da ke jibge a jikin waɗannan matasa da kuma rashin inda za su kai shi. Kowane shirin tallafi da ya zo garin yakan hango wannan ƙarfi ya ce a ba su shebur. Wani lokaci ana biyansu kuɗin yini. Nan ma akwai tarko: unguwar da aka taɓa biya don ta share titinta, da wuya ta sake fitowa kyauta, sai ta zauna jiran wani shirin.

Babbar matsalar dai tana farawa ne a lokacin da masu gayya suka ajiye tsintsiya. Wa zai kwashe tsibin? A doka aikin ma'aikatar magajin gari ne, kuma birnin kashi biyar aka raba shi, kowane da hukumarsa. Kwashe shara na buƙatar tifa mai lafiya, da gas, da direba, da filin zubarwa a bayan gari wanda ba gonar wani ba ce. Kuɗin kuma daga harajin gari zai fito, harajin da mutane ke ƙin biya saboda ba su ga aikin ba, hukuma kuma ta ce ba ta yi aikin ba saboda ba a biya ba. A watan Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rusa zaɓaɓɓun majalisun garuruwa ta naɗa kantomomi. Kantoma na iya ba da umarni a fito shara gobe da safe, a kuma fito. Umarni dai ba ya zuba gas a tifa.

In tifa ba ta zo ba, ashana ce ke zuwa. Ana cinna wa tsibin wuta da yamma, baƙin hayaƙi ya rufe layi, mai asma da jariri su kwana suna tari, leda ta narke ta zama dunƙule mai tauri da ba ya ƙonewa kuma ba ya ruɓewa. Masu gayyar sun yi niyyar alheri, sun kwashe ƙazanta daga ƙasa sun mayar da ita cikin huhun maƙwabta.

An ga irin abin da kuɗi da wa'adi ke iya yi a 2018, lokacin da birnin ya karɓi bikin ƙasa na 18 ga Disamba a ƙarƙashin shirin Zinder Sabuwa. An shimfiɗa kwalta, an yi gine-gine, an yi fenti, gari ya yi fes. Irin wannan aiki gayya ce ta gwamnati, mai ranar farawa da ranar tashi. Washegarin tafiyar baƙi kuwa mai piya wata ya fito da kularsa kamar kullum.

Doka fa akwai ta. Tun 1993 Nijar ke da dokar tsaftar jama'a, kuma a ranar 5 ga Nuwamban 2014 aka kafa doka mai lamba 2014-63, wadda ta haramta ƙerawa da shigowa da sayarwa da amfani da ajiye siririyar leda. Yau shekara goma da ɗoriya ke nan, kuma a Kasuwar Dole wanda ya sayi tumatir da tattasai da magi zai iya komawa gida da leda uku, ba a caje shi ko dala ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kano, mai masana'antun roba a Sharaɗa da Bompai da Challawa, ba ta kai kilomita 250 daga nan ba, iyakar Nijar da Najeriya kuma doguwa ce mai ƙofofi barkatai, wadda man fetur ma ke ratsawa a jarka. Sannan ba a ba mai ƙosai abin da zai maye gurbin ledar a farashin da za ta iya ba. Hana ta leda ba tare da wannan ba, hana ta sana'a ne, kuma babu jami'in da ke son ya zama shi ne ya kifar da kaskon wata bazawara.

Masu sha'awar misali sukan kawo Ruwanda, inda ake fita aikin gayya na umuganda kowace Asabar ɗin ƙarshen wata, Kigali kuma ta yi suna a tsafta. Gaskiya ne. Amma Ruwanda ta haramta leda a 2008 ta kuma tsaya a kan haramcin, har a kan iyaka ana ƙwace ta daga kayan matafiya. Gidajen Kigali na biyan kamfanonin kwashe shara, kuma akwai masu share titi da ake biya albashi. Umuganda ƙari ne a kan wannan duka. Misalin da ya fi kusa da Damagaram yana Kano. A can aka ƙaddamar da babin tsaftar muhalli na yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin Buhari da Idiagbon a 1985, kuma har yau ana tsayar da zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe a Asabar ɗin ƙarshen wata, da kotun tafi-da-gidanka mai cin tarar waɗanda suka fito. Shekara arba'in ana wannan, ga hukumar REMASAB da motocinta, amma duk wanda ya ratsa bayan kasuwannin Kano da damina ya san inda aka kwana. Da yawa sun mayar da safiyar lokacin ramuwar barci.

Ko ranar share duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar a 20 ga Satumba, asalinta daga Estoniya ne, inda a watan Mayun 2008 mutum 50,000 suka kwashe kusan tan 10,000 na shara a yini guda. Abin da ba a cika ba da labarinsa ba shi ne, kafin ranar sun yi watanni suna zana taswirar kowace bola, sun kuma shirya motoci da wuraren da za a kai kayan.

Mutanen da suka fi kowa sanin illar leda a Damagaram ba su cika zuwa taron wayar da kai ba. Mahauta ne. Su ke farka tumbi su ciro dunƙulen leda da igiya da tsumma, a cukurkuɗe kamar gammo, daga cikin tunkiyar da mai ita ya yi ta ba ta dusa da harawa tana ƙara ramewa. Dabbar gari na yawo a bola, ta lashi ledar da ke da gishiri ko mai, ta haɗiye. Ledar ba ta narkewa, sai ta cika wurin da abinci zai zauna. Lokacin da Muritaniya ta haramta leda a farkon 2013, jami'an muhallinta sun ce sama da kashi 70 cikin 100 na shanu da tumakin da ke mutuwa a Nuwakshot ita ce ke kashe su. A ƙasar da akuya ce asusun mace, ragon layya kuma jarin shekara, wannan hujja ta fi duk wata lacca a kan muhalli shiga kunne, kuma abin mamaki ne yadda masu kamfen ba su cika amfani da ita ba. Malamai dai sukan tunatar a huɗuba cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani. Masu sauraro sukan ɗauka ƙaya ake nufi ko dutse.

Sai kuma ruwa. Daminar 2024 ta yi ɓarnar da aka daɗe ba a gani ba a Nijar, ta ci rayuka sama da 300, har aka ɗage komawa makaranta. A ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin ƙasa na Birni, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Ba leda ce ta kayar da shi ba, ruwan sama ne ya fi ƙarfin ginin. Amma a unguwannin kwari, inda magudana ɗaya ke tsakanin gidan ƙasa da ambaliya, toshewarta ce ke sa ruwa ya kwanta a gindin katanga ya jiƙa ta har ta zauna. Bayan ruwan ya janye, kowace leda mai ɗan ruwa a ciki ɗakin haihuwar sauro ce. A nan kam gayyar watan Mayu da Yuni tana da amfani na zahiri, ko da tifa ba ta zo da wuri ba, muddin an janye abin da aka yaso nesa da bakin magudanar.

Ƙasar Damagaram ta taɓa warware wata matsala mai kama da wannan, kuma ba da shela ba. Daga tsakiyar shekarun 1980, manoman Magarya da Matamaye da Mirya suka fara barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna yi musu sassabe mai kyau maimakon tumɓukewa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a kudancin Nijar an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Ranakun dashen itace na hukuma ba su yi ko kusa da haka ba. Abin da ya canza shi ne manomi ya daina ganin itacen a matsayin na ma'aikacin gandun daji, ya fara ganinsa nasa, mai ba shi taki da abincin dabba da makamashi. Bakin titi ma ba ya rasa masu cin moriyarsa: mai shayi, mai tsire, mai faci, mai sayar da mai a kwalba, shugaban tasha. Kowannensu ya san iyakar wurinsa sarai, domin da wani zai kafa tebur a ciki da an ji su. Inda mai unguwa da sarkin kasuwa suka ɗora wa kowa tsaftar iyakarsa, aka ajiye rabin durom, aka kuma yi yarjejeniya da mai amalanke yana zuwa kullum ana haɗa masa 'yan daloli, wurin ya fi daɗewa da tsafta fiye da inda ake jiran gayyar wata-wata. Masarauta na da bakin da za ta yi wannan magana, tun daga fadar Sarki Abubakar Sanda har zuwa ƙaramin mai unguwa.

Ita kanta sharar ba ta daina zama dukiya ba. 'Yan gwangwan ba sa barin ƙarfe ko tsohuwar roba mai kauri ta kwana a bola, domin akwai mai saye a kilo. Wani malamin jami'ar Kyoto ta Japan, Shuichi Oyama, ya shafe shekaru a yankin Dogon Dutsi yana zuba sharar gari a kan faƙo, dabarar da ya koya daga manoman Hausa: gara ta shigo ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga, ciyawa ta tsiro. Siririyar leda ce kaɗai ba ta da mai saye, shi ya sa ita kaɗai ake bari.

Manoman bayan birni har yanzu suna karɓar sharar gari, wasu ma biyan mai amalanke suke yi ya juye musu. Ana jibge ta tsibi-tsibi a gona tun da rani. Kafin ruwan shuka, mai gona da 'ya'yansa sukan bi tsibin suna tsince leda da batir da fasasshiyar kwalba da hannu, su tara a kan iyaka su sa wuta. Wadda suka makara ba su tsince ba, iskar farkon damina ce ke ɗauke ta, ta tsallaka titi da ita, ta rataye a kan aduwar da ke gefen hanyar Mirya.